Gashin Haɓa da Hasken Leza: Wane Wuri Zan Zaɓa?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Shekarata 27, kuma baƙa ce ni. Shekara huɗu ke nan gashi mai kauri yana fito mini a haɓa da ƙasan muƙamuƙi. Kusan kullum sai na tsige shi da hantsaki, yanzu wurin ya cika da ƙuraje da baƙaƙen tabo, har na fara shafa man haskaka fata ko tabon zai gushe. Al'adata ma takan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba. Ina so a cire mini gashin da leza. Na samu wuri biyu. Na farko shagon gyaran jiki ne, sun ce na'urarsu IPL ce, zama uku gashin ya tafi har abada, kuma za su fara mini ranar da na zo. Na biyu asibitin fata ne, kuɗinsu ya kusa ninka na shagon, sun kuma ce sai na ga likita tukuna. Wanne zan zaɓa? Ta yaya zan gane wurin da ba za a ɓata mini fuska ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki bari a ɗora miki IPL a fuska. Abubuwa uku da shagon nan ya faɗa miki, wato irin na'urar, da alƙawarin zama uku, da farawa ranar da kika zo, kowannensu shi kaɗai ya isa ya sa ki juya. Asibitin ya fi kusa da daidai tun da ya ce sai kin ga likita, amma shi ma kada ki biya shi sai kin ji amsar wasu tambayoyi daga bakinsa. Araha ba ta ado, gaskiya ne, sai dai tsada ma ba shaidar ƙwarewa ba ce.

Ki fara fahimtar yadda aikin yake, don da shi za ki auna duk abin da za a gaya miki. Hasken leza ba gashi yake nema ba, launi yake nema. Sinadarin melanin da ke cikin gashi, wanda shi ne yake sa shi baƙi, yana shanye hasken ya mai da shi zafi, zafin ya bi silin gashin ya sauka ya lalata saiwar da ke cikin fata. Kamar yadda baƙin tufa ya fi fari ɗaukar zafi a rana, haka abin yake. Matsalar ita ce wannan melanin ɗin shi ne kuma yake ba fatarki launinta. A jikin mai farar fata da baƙin gashi, hasken yakan wuce fatar ya tafi ga gashin. A jikinki kuwa fatar da gashin duk suna jan hasken, kuma fatar ce a sama. Idan na'urar ba ta dace ba, saman fatar ne zai ƙone kafin zafin ya kai saiwa.

Shi ya sa tambaya ta farko ita ce: wace irin leza ce, kuma nawa ne tsawon zangon haskenta? Lamba ake ba da amsa da ita, ana auna ta da nanomita. Lezar da ake kira Aleksandirait tana aiki a 755, melanin yana shanye ta sosai, don haka tana da kyau ga masu hasken fata, tana kuma ƙona masu duhu. Dayod tana tsakanin 800 da 810, ita ce tsaka-tsaki. Ƙwararre yana iya amfani da ita a fata mai ɗan duhu idan ya tsawaita bugun hasken ya kuma sanyaya fatar da kyau. Nd:YAG tana aiki a 1064, saman fata ba ya shanye ta da yawa, tana ratsawa ta kai inda saiwar take. Ita ce likitocin fata suka fi aminta da ita ga baƙar fata. Akwai wani ma'auni da likitan fata Thomas Fitzpatrick ya tsara a 1975, wanda ya kasa fatar mutane gida shida gwargwadon yadda take ɗaukar rana. Mai duhun fata yana gida na biyar ko na shida. Duk wanda zai riƙe miki na'ura ya kamata ya san wannan ma'aunin, ya kuma gaya miki gidan da kike ba tare da ya yi inda-inda ba.

IPL kuwa ba leza ba ce ko kaɗan, duk da cewa wurare da yawa suna tallata ta da wannan sunan. Fitila ce mai ƙarfi da ke watso haske iri-iri a lokaci guda, daga kusan 500 har zuwa 1200, kuma a cikinsa akwai gajerun zangunan da baƙar fata take shanyewa nan take. Ƙunarta ma tana da kamanninta: tabo mai kusurwa huɗu, jere-jere, daidai girman bakin na'urar. Irin wannan tabon a fuska yakan ɗauki watanni kafin ya dushe, wani kuma yakan bar farin wuri da ba ya komawa yadda yake.

Ko an ce miki Nd:YAG ce, ki ƙara tambaya ɗaya: mai dogon bugu ce? Akwai Nd:YAG mai gajeren bugu ƙwarai wadda ake goge zanen tatu da baƙaƙen ɗigo da ita. Lambarta 1064 ce ita ma, amma bugunta ya yi gajarta da yawa, ba ya dumama saiwa har ta lalace. Gashin zai zube ya dawo. Wadda ake cire gashi da ita, ana auna bugunta da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ki nemi a nuna miki na'urar, ki karanta sunan kamfanin da samfurin a jikinta, ki rubuta, ki je gida ki bincika a intanet. Sanannu irin su GentleMax Pro na kamfanin Candela da Elite na kamfanin Cynosure suna ɗauke da 755 da 1064 a na'ura ɗaya, don haka sai ki tabbatar an saita ta a kan 1064 kafin a taɓa ki. Kasuwa cike take da na'urorin da ba su da sunan kamfani, ko aka manna musu sunan da ba nasu ba, waɗanda ƙarfin da suke nunawa a allo daban, wanda suke fitarwa daban. Wurin da ya ƙi nuna miki na'urarsa, ya riga ya ba ki amsa.

Ki tambaya kuma yadda na'urar take sanyaya fata. Wata bakinta ne yake da sanyi yana taɓa fatar, wata tana fesa iskar gas mai sanyi gab da kowane bugu, wata kuma akwai bututun da ke hura iska mai sanyi a gefe. Kowanne ya yi, amma dole a samu ɗaya. Sanyin shi ne yake kare saman fatarki yayin da zafin yake aiki a ƙasa.

Na'ura dai ba ta aiki da kanta. Mai riƙe da ita ne yake zaɓen ƙarfin hasken, da tsawon bugun, da faɗin wurin da kowane bugu zai rufe, kuma Nd:YAG ma tana ƙona mutum idan aka cika ƙarfi, ko aka maimaita bugu a wuri ɗaya, ko bakin na'urar bai zauna daidai a kan fata ba, abin da yakan faru a lanƙwasar muƙamuƙi da wuya. Dokar wanda aka yarda ya yi wannan aikin ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a wasu wuraren ma horon kwana biyu ya isa mutum ya buɗe shago. Don haka ke ce za ki yi binciken. Wa zai yi mini aikin, likita ne ko nas ko ma'aikacin gyaran jiki? A ina aka horar da shi a kan wannan na'urar? Shi ne zai riƙa yi mini a kowane zama? Idan na ƙone, wane likita ne zai duba ni, yana cikin ginin ko sai an neme shi? Ki nemi hotunan kafin aiki da bayan aiki na mutanen da suka yi wa, masu launin fata irin naki, waɗanda aka ɗauka watanni bayan zaman ƙarshe. Hoton da aka ɗauka mako biyu bayan zama ba ya nuna komai, don a lokacin kowa fatarsa sumul take. Ba rashin kunya ba ne yin waɗannan tambayoyin, kuma ƙwararre ba ya jin haushinsu.

Hanya mafi sauƙi ta gane wurin kirki ita ce ki lura da tambayoyin da su suke yi miki. Ya kamata su tambayi magungunan da kike sha, don wasu, irin su doksisaikilin, suna sa fata ta ƙi jure haske, kuma wanda ya sha maganin ƙurajen fuska mai ƙarfi da ake sayarwa da sunan Roaccutane, likita ne zai yanke lokacin da za a fara masa. Su tambaya ko kina da ciki, don ana ɗage aikin sai bayan haihuwa. Su tambaya ko rauni yakan bar miki tabo mai tudu da ke ci gaba da girma, ko ƙurajen zazzaɓi sukan fito miki a leɓe, don zafin leza yana tayar da su, kuma akwai maganin da ake bayarwa kafin zama don hana hakan. Su duba wurin su ga ko akwai tawadar Allah ko zanen tatu, waɗanda ake rufewa a kewaye su. Idan tambayar da aka yi miki ita ce kawai yaushe za ki biya, ki tashi.

Man haskaka fatar nan da kike shafawa, ki gaya wa likitan gaskiya, ki ma tafi da kwalbar. Yawancin irin waɗannan mayukan suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, ko haidirokwinon, wasu har da makuri. Sitiroyid yana sa fata ta yi sirara ta kuma yi jinkirin warkewa, yana kawo ƙuraje, shi kansa ma yana iya ƙara tsirowar gashi a inda ake shafa shi. Akwai wani haɗarin kuma: man yana sa ki yi haske a ido, mai na'urar ya ɗauka fatarki ta gida na huɗu ce ya ƙara ƙarfi, alhali ita fatar tana nan da halinta na mai duhu. Idan kin daɗe kina shafawa, kada ki yanke shi rana ɗaya, don fatar tana iya yin ja ta yi zafi. Likitan zai nuna miki yadda za ki janye a hankali. Baƙaƙen tabon da kike ƙoƙarin gogewa, tsigar ce take haifar da su. Gashi mai nannaɗewa idan aka tsige shi, sabon da zai fito yakan lanƙwashe ya soki fata daga ciki, wurin ya kumbura, kumburin ya bar baƙi. Idan gashin ya ragu, ƙurajen sukan ragu, tabon kuma ya riƙa dushewa da kansa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a wasiƙarki shi ne maganar al'ada. Gashi mai kauri a haɓar mace tare da al'adar da ke tsallake watanni, alama ce da ke sa likita ya fara tunanin PCOS, wata matsalar sinadaran homon da ke shafar kusan mace ɗaya cikin goma, inda homon ɗin maza yake ɗan fin yadda ya kamata a jikin mace. Ba mu ce ita ce ke damunki ba, gwaji ne zai nuna: gwajin jini, wani lokaci da hoton mara, tare da duba sukari da hawan jini. Dalilin da ya sa wannan ya shafi zaɓen da za ki yi shi ne, leza tana lalata saiwar da take da gashi a yau, amma homon ɗin yana ci gaba da mai da siraran gashin da ke kusa su zama masu kauri. Sai ki ga kin kashe kuɗi, gashin ya ragu, bayan shekara wani ya tsiro. Akwai magungunan da likita kan bayar, kamar ƙwayar tsarin iyali mai homon biyu, ko sifironolakton wanda ba a sha idan ana neman ciki ko ana da shi, kuma sukan ɗauki kusan wata shida kafin a ga tasirinsu a gashi. Ana iya haɗa su da leza a lokaci guda. Idan kuwa gashin ya yawaita farat ɗaya cikin 'yan watanni, ko muryarki ta fara kauri, wannan na gaggawa ne, ki ga likita a makon nan.

To, a ce likita ya duba ki, na'urar ta dace. Kada a yi miki fuska gaba ɗaya a ranar farko. A fara da gwaji a ɗan ƙaramin wuri a ƙasan muƙamuƙi inda ba a gani, da ƙarfi iri biyu ko uku, a rubuta lambobin a katinki. Sai a jira. A baƙar fata illa takan yi jinkirin bayyana, don haka kwana biyu zuwa uku shi ne mafi ƙaranci, idan aka ba shi mako guda ya fi. Wurin da ya yi gwaji ya ce bayan minti goma a ci gaba, bai yi gwajin da zai kare ki ba.

Alƙawarin zama uku kuwa ya saɓa wa yadda gashi yake girma. Kowane sili yana da lokacin tsirowa, da lokacin tsayawa, da lokacin hutu kafin ya zube, kuma leza ta fi kama wanda yake cikin tsirowa. A kowace rana wani kaso ne kawai yake wannan matakin. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ce bayan zaman farko ana sa ran raguwar kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari. A aikace yawanci akan yi zama shida zuwa takwas, a fuska kowane mako huɗu zuwa shida, a jiki mako shida zuwa takwas. Gashin fuska mai alaƙa da homon yakan wuce haka, kuma yakan buƙaci a koma lokaci-lokaci bayan an gama. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma abin da ta amince a ce leza tana yi shi ne rage gashi na dogon lokaci. Abin da za ki sa rai shi ne gashin ya ragu ƙwarai, wanda ya saura ya yi siriri ya riƙa jinkirin fitowa. Furfura kuwa leza ba ta ganinta, don babu melanin a cikinta. Ita sai da allurar lantarki da ake ƙona saiwa ɗaya bayan ɗaya.

Daga yau ki ajiye hantsaki. Mako huɗu zuwa shida kafin zaman farko, da duk tsakanin zama da zama, babu tsiga, babu halawa, babu cirewa da zare, don idan babu gashi a cikin saiwar, hasken ba shi da abin da zai bi. Mun san wannan shi ne mafi wuya ga wadda ta saba tsigewa kullum. Ki riƙa askewa da reza mai tsafta ko ki rage da ƙaramin almakashi. Aski ba ya ƙara wa gashi kauri ko yawa. Bakin da aka yanke ne yake jin kaushi a hannu. Ki aske kwana ɗaya kafin zama, don dogon gashi a saman fata yana ƙonewa ya ƙona fatar da ke ƙarƙashinsa. Ki guji daɗewa a rana na makonni kafin nan, ki je da fuska a wanke, babu hoda, babu mai, babu turare.

A ɗakin aikin, dole a ba ki tabarau na musamman da aka yi don lambar wannan lezar, mai aikin ma ya sa nasa, ƙofa kuma a rufe. Kada ki yarda a kai na'urar kusa da ido ko ƙasan gira ko da an ce za a gyara miki ita, don launin ƙwayar ido ma melanin ne, kuma illar da za a yi masa ba ta gyaruwa. Za ki ji ɗan zafi mai tsini a kowane bugu, da warin ƙonannen gashi. Idan zafin ya ƙi wucewa bayan bugun, yana ci gaba da ci, ko fatar ta yi toka-toka, ki ce a tsaya nan take. Maganar man kashe zafi kuma: a ɗan wuri kamar haɓa ba matsala idan likita ne ya bayar, amma kada ki taɓa shafa shi da yawa a wuri mai faɗi ki naɗe da leda. A 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurkan nan ta fitar da gargaɗi bayan wasu mata biyu, masu shekara 22 da 25, sun rasu sakamakon shafa irin wannan man a ƙafafunsu suka naɗe da leda kafin a yi musu leza. Maganin ya ratsa fata ya shiga jini da yawa.

Bayan zama, ɗan ja da ƙananan kumburi a gindin kowane gashi abu ne da ake so a gani, yakan kwanta cikin awoyi zuwa kwana ɗaya ko biyu. Ki ɗora tsumma mai sanyi, ki guji ruwan zafi da motsa jiki mai sa gumi na kwana ɗaya zuwa biyu, ki riƙa shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama da haka kullum. Cikin mako ɗaya zuwa uku za ki ga kamar gashin yana fitowa, alhali matacce ne fatar take turowa waje, zai zube da kansa. Bororo, ɓawo, ko wurin da ya yi baƙi ƙirin ko fari fat, ƙuna ce. Kada ki fasa, kada ki ɓare, ki ɗauki hoto ki koma wurin likita a ranar.

Akwai wata illar da ba kasafai ake gaya wa mutane ba, kuma ta fi faruwa a fuska da wuyan mata masu duhun fata: maimakon gashi ya ragu, sai siraran da ke gefen wurin su yi kauri. Ana danganta hakan da hasken da bai kai ƙarfin kashe saiwa ba, sai ya zaburar da ita. Saboda haka a tsaya a kan gashi mai kauri kawai, kada a bi kumatu da gefen fuska inda gashin yake laushi, ko da an ce ƙari ne kyauta.

Game da kuɗi, kada ki biya na zama shida ko takwas a dunƙule kafin a yi gwaji ki ga sakamakonsa. Ki biya na ganin likita da na gwaji, sannan zama ɗaya ko biyu. Idan daga baya za ki sayi na dunƙule don ragin da ke ciki, a rubuta miki a takarda wuraren da kuɗin ya ƙunsa, da na'urar da za a yi amfani da ita, da ko za a mayar miki da saura idan kika tsaya saboda ciki ko rashin lafiya, da wanda zai ɗauki nauyin magani idan aka ƙona ki. Ki kuma nemi a ba ki lambobin da aka saita na'urar a kowane zama, don idan kin sauya wuri, wanda zai karɓe ki ya san inda aka tsaya. In kuma kin bincika asibitin nan kin tarar ba su da Nd:YAG mai dogon bugu, ki ga likitan don maganar al'ada da tabon, ki ci gaba da aski, ki nemi wani wurin da yake da ita. Allah Ya ba ki lafiya.